Farawa da SQLAlchemy: kada ka kawar da idonka daga SQL

Duk wanda ya ɗan yi nisa a koyon Python, rana za ta zo da fayil ɗin Excel ba zai ishe shi ajiye bayanai ba. A ranar ce yawanci wani zai ce masa, "Je ka koyi ORM, ka huta da SQL." SQL shi ne harshen da ake yi wa rumbun bayanai magana da shi, ORM kuma laburare ne da ke rubuta maka SQL ɗin. Rabin maganar gaskiya ne. Ɗaya rabin kuwa shi ke sa mutum ya gina manhajar da ke gudu kamar walƙiya ranar gwaji, amma ta koma jan ƙafa da zarar bayanan gaske sun taru. Ni ina amfani da ORM kusan kullum, ina kuma son sa, shi ya sa nake so wanda zai fara ya shigo ta ƙofar da ta dace.

Rumbunan bayanai irin su PostgreSQL da MySQL da SQLite suna ajiye komai ne a tebur: layuka a kwance, ginshiƙai a tsaye, sannan wannan tebur ya nuna wancan ta hanyar lamba. Tsarin ya samo asali ne daga takardar da Edgar Codd na kamfanin IBM ya fitar a 1970, kuma har yau shi ake bi. Python kuwa ba ta san tebur ba. Abin da ta sani shi ne aji, da abubuwan da aka ƙera daga ajin, kowanne da siffofinsa, wani yana riƙe da jerin wasu a cikinsa. ORM shi ne laburaren da ke zama a tsakani: ka rubuta aji, shi ya san wane tebur ne, ka canza siffar abu, shi ya rubuta `UPDATE` ya aika. Kusan kowane harshe yana da nasa. Masu Java suna da Hibernate, masu PHP da Laravel suna da Eloquent, Ruby on Rails na da Active Record, Django ma da nata take zuwa. Idan da Django kake aiki, tsaya a kan nata, ba ka da dalilin neman wani. Idan kuwa Flask ne ko FastAPI, waɗanda su ma kamar Django kayan gina manhajar intanet ne da Python, ko ƙaramar manhaja ce kawai da ba ta da alaƙa da intanet, SQLAlchemy ne zaɓina.

Michael Bayer ne ya fara fitar da shi a 2006, kuma zubi na 2.0 ya fito a Janairun 2023. Wannan kwanan wata yana da amfani ga mai koyo, domin intanet cike take da darussan da aka rubuta kafin lokacin. In ka ga darasi yana ta `session.query(...)` da `declarative_base()`, tsohon salo ne. Har yanzu yana aiki, amma tunda yau ka fara, fara da sabon kai tsaye, wato `select()` da `Mapped`.

Misalin da zan bi da ku shi ne littafin bashin kanti. Kawuna yana sayar da kayan masarufi a sari a Kasuwar Singa ta Kano, kuma mafi yawan masu ɗaukar kaya a wurinsa 'yan tireda ne da ke karɓa yau su biya in sun sayar. Na rubuta masa ƙaramar manhaja da ke zaune a kwamfutar shagon, kuma kusan duk abin da zan faɗa a nan daga wannan aikin na tsamo shi. Tebur biyu sun isa a fara: na masu karɓar kaya, da na bashin da ke kansu. Bayan `pip install sqlalchemy`, ga yadda suke:

```python
from sqlalchemy import BigInteger, ForeignKey, String, create_engine
from sqlalchemy.orm import DeclarativeBase, Mapped, mapped_column, relationship

class Tushe(DeclarativeBase):
    pass

class Kwastoma(Tushe):
    __tablename__ = "kwastoma"
    id: Mapped[int] = mapped_column(primary_key=True)
    suna: Mapped[str] = mapped_column(String(100))
    waya: Mapped[str | None] = mapped_column(String(20))
    basussuka: Mapped[list["Bashi"]] = relationship(back_populates="kwastoma")

class Bashi(Tushe):
    __tablename__ = "bashi"
    id: Mapped[int] = mapped_column(primary_key=True)
    kwastoma_id: Mapped[int] = mapped_column(ForeignKey("kwastoma.id"))
    kaya: Mapped[str] = mapped_column(String(200))
    kobo: Mapped[int] = mapped_column(BigInteger)
    kwastoma: Mapped["Kwastoma"] = relationship(back_populates="basussuka")

injin = create_engine("sqlite:///kanti.db", echo=True)
Tushe.metadata.create_all(injin)
```

SQLite na zaɓa saboda tana zuwa tare da Python, ba sai ka girka saba ba, rumbun gaba ɗaya fayil guda ne mai suna `kanti.db`. Ga kanti mai kwamfuta ɗaya ta wadatar sosai.

Akwai ƙananan shawarwari a ɓoye cikin wancan rubutun. Lambar waya na ajiye ta a matsayin rubutu, don in ka ajiye ta a matsayin adadi, sifilin farko na 080 zai ɓace. `str | None` ɗin da ke gabanta shi ne ke gaya wa SQLAlchemy cewa ana iya barin gurbin ba komai, amma suna dole ne a cika shi. Wannan salon rubutun yana buƙatar Python 3.10 zuwa sama. Kuɗi kuma da kobo nake lissafa su, cikakken adadi, ba na taɓa barin su a `Float`. Buɗe Python ka buga `0.1 + 0.2`, za ta ba ka 0.30000000000000004, kuma ɗan kasuwa ba ya yafe irin wannan a lissafinsa. `BigInteger` na saka domin a PostgreSQL ginshiƙin `INTEGER` yana tsayawa ne a 2,147,483,647, wanda a kobo bai kai naira miliyan 22 ba. A Singa mota ɗaya ta kaya na iya wuce haka.

Sai kuma `echo=True`. Idan za ka manta da duk abin da na rubuta, to ka riƙe wannan. Shi ne ke sa SQLAlchemy ya nuna maka kowace jimlar SQL da ya aika wa rumbun, a allon umarninka, lokacin da ya aika ta. Da ka kunna manhajar za ka ga `CREATE TABLE kwastoma` da `CREATE TABLE bashi` sun fito, da `NOT NULL` a inda ya dace, da `FOREIGN KEY` a ƙasa. Karanta su. Ni ban yarda mai koyo ya kashe wannan ba har sai ya kai matsayin da zai iya faɗin SQL ɗin da za ta fito tun kafin ya danna. Wanda bai taɓa rubuta `SELECT` da `WHERE` da `JOIN` da `GROUP BY` da hannunsa ba, gara ya ware mako ɗaya ko biyu ya yi hakan tukuna, don abin da allon zai riƙa nuna masa ke nan.

Yanzu mu shigar da bashi na farko.

```python
from sqlalchemy.orm import Session

with Session(injin) as zama:
    k = Kwastoma(suna="Mu'azu", waya=None)
    k.basussuka.append(Bashi(kaya="taliya katan 10", kobo=15_000_000))
    zama.add(k)
    zama.commit()
```

`Session` ita ce zuciyar SQLAlchemy, kuma a kanta ne masu farawa suka fi ruɗewa, don haka zan ɗan daɗe a nan. Ku ɗauke ta kamar 'yar takardar da yaron shago ke rubuta abin da ya fita a kai kafin a kwafa a babban littafi: yana iya ƙarawa, yana iya gogewa, yana iya yaga takardar gaba ɗaya, babban littafin bai san an yi ba. Lokacin da ka ce `zama.add(k)`, dubi allonka, babu `INSERT` ko ɗaya. An dai lura da abin ne. In ka tambayi `k.id` a daidai wannan lokaci, `None` za ka samu, domin rumbun ne ke ba da lambar, kuma ba a je wurinsa ba tukuna.

Sai an zo `commit` aiki ke tashi. Za ka ga `BEGIN`, sai `INSERT INTO kwastoma`, sai `INSERT INTO bashi`, sai `COMMIT`. Lura da abubuwa biyu. Na ɗaya, Mu'azu kaɗai muka miƙa wa `add`, amma bashinsa ya biyo shi, saboda alaƙar da muka ƙulla da `relationship`. Na biyu, SQLAlchemy da kansa ya gane cewa dole kwastoma ya riga shiga, a karɓo lambarsa, sannan a zuba ta a `kwastoma_id` na bashin. Wanda ya taɓa yin wannan da hannu a tebur biyar masu dogaro da juna ya san irin hutun da aka ba shi.

Tsakanin `add` da `commit` akwai wani mataki da ake kira `flush`: a aika SQL ɗin ga rumbun amma ba a rufe maganar ba, ana iya janyewa. `Session` takan yi shi da kanta duk lokacin da za ka yi tambaya, don amsar ta haɗa da abin da ka riga ka ƙara. Kuma duk abin da ke tsakanin `BEGIN` da `COMMIT` dunƙule yake, ko ya shiga duka ko kada komai ya shiga. Mu da wuta ke ɗaukewa ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ce Mu'azu ya kawo kuɗi, manhaja za ta rubuta biyan sannan ta rage bashin. Idan ayyukan biyu suna cikin `commit` ɗaya, wuta ta tafi a tsakiya, in an sake kunna kwamfuta SQLite za ta mayar da komai yadda yake kafin a fara. Idan kuwa ka raba su `commit` biyu, za ka iya wayar gari da biyan da aka rubuta amma bashin na nan bai ragu ba, sannan a zauna musu da mutumin da ya san ya biya. Ƙa'idar da nake bi ita ce aiki ɗaya na kasuwanci, `commit` ɗaya. In kuma ka fita daga `with` ba ka yi `commit` ba, duk abin da ka yi ya tafi, ba kuwa wani gargaɗi da za a yi maka.

Wata ɗabi'ar `Session` da ya kamata a sani: a cikin zama ɗaya, layi ɗaya na tebur abu ɗaya ne a Python. Kira `zama.get(Kwastoma, 1)` sau biyu a jere kana riƙe da amsar farko, `SELECT` ɗaya za ka gani, kiran na biyu abin da ke hannu za a miƙo maka. Bayan `commit` kuma takan ɗauki duk abin da ke hannunta a matsayin tsohon labari, don wani na iya canza shi a rumbun. Da ka sake taɓa `k.suna` sai ta je ta karanto sabo. A nan ne saƙon `DetachedInstanceError` ke fitowa: ka yi `commit`, ka rufe zaman, sannan ka nemi sunan, alhali babu wanda zai je ya karanto. Maganinsa mafi sauƙi shi ne ka kwashi abin da kake buƙata tun zaman na buɗe.

Da gangan na zaɓi sunan Mu'azu. Dubi yadda allon ya nuna shigarsa: `VALUES (?, ?)`, sunan kuma yana gefe daban. Da a ce da hannu ka haɗa jimlar, kana manna suna a tsakiyar rubutu, alamar da ke tsakanin "Mu" da "azu" za ta rufe zancen SQL ɗin tun bai ƙare ba, manhaja ta faɗi. Sunayenmu kuwa cike suke da ita: Sa'adatu, Isma'il, Asma'u, Rabi'u. Ta wannan kafar ce kuma masu kutse ke cusa umarninsu cikin rumbun mutane. Ko ba ORM ana iya tura bayanai ta wannan amintacciyar hanya, amma a SQLAlchemy ita ce hanyar da kake kai tun farko, sai ka yi da gangan za ka kauce mata.

Karanto bayanai kusan SQL ne da kayan Python:

```python
from sqlalchemy import select

tambaya = select(Kwastoma).where(Kwastoma.suna.like("Mu%")).order_by(Kwastoma.suna)
for k in zama.scalars(tambaya):
    print(k.suna)
```

A nan akwai wani tarko da ya shafe mu masu rubuta Hausa musamman. `LIKE` da `lower()` na SQLite baƙaƙen Turanci 26 kaɗai suka san babbansu da ƙaraminsu. Nemi "danladi" za ta samo maka "Danladi", amma nemi "ɗanladi" ba za ta samo "Ɗanladi" ba, domin a wurinta Ɗ da ɗ ba su da dangantaka. Haka Ƙ da ƙ, haka Ɓ da ɓ. `ilike` na SQLAlchemy ma ba zai cece ka ba, tunda a kan SQLite `lower()` ɗin nan yake kira. Python kuwa ta san su sarai. Abin da na yi a kantin shi ne ƙara ginshiƙi na biyu mai suna `suna_nema`, inda nake ajiye sunan bayan na mayar da shi ƙananan baƙaƙe na kuma cire lanƙwasa, ɗ ta koma d, ƙ ta koma k, ɓ ta koma b. Abin da aka buga a akwatin nema ma haka ake yi masa kafin a kwatanta. Ya yi daidai da yadda yaran shago ke bugawa, don ba kowa ke da baƙaƙe masu lanƙwasa a madannansa ba. Sunan asali yana nan yadda mai shi ke rubuta shi, shi ake bugawa a rasit.

Wani halin SQLite kuma: ba ta tilasta `FOREIGN KEY` sai an ce mata. In ba ka aika `PRAGMA foreign_keys=ON` a kowane haɗi ba, za ta karɓi bashin da ke nuna kwastoman da babu shi. A SQLAlchemy ana rataya wannan umarni ne a kan `event.listens_for(injin, "connect")`, layi huɗu ko biyar, sau ɗaya.

Yanzu ga babban dalilin da ya sa na nace a kan `echo=True`. Kawu yana son ganin jerin kowa da jimillar abin da ake bin sa. Hanyar da za ta fara zuwa wa kowa a rai ita ce:

```python
for k in zama.scalars(select(Kwastoma)):
    print(k.suna, sum(b.kobo for b in k.basussuka))
```

Layi biyu, kyakkyawa, amsar ma daidai ce. Amma `k.basussuka` ba a ɗauko shi tare da kwastoman ba. Sai lokacin da ka taɓa shi SQLAlchemy ke rugawa rumbun ya karanto. Idan mutum 400 ne a littafin, tambaya ɗaya ta kawo sunaye, sai wasu 400 kowacce ta kawo bashin mutum ɗaya: 401 ke nan. Wannan ita ce matsalar da ake kira N+1. Da mutum biyar na gwaji ba za ka ji komai ba. A SQLite ma da sauƙi, tunda fayil ɗin yana cikin kwamfutarka. Amma ranar da rumbun ya koma PostgreSQL a wata saba da ke Turai, kowace tambaya sai ta je ta dawo ta intanet, shafin da ya kamata ya buɗe nan take sai ya sa mutum zaman jira. A rubutun Python babu alamar matsala ko kaɗan. A allon SQL kuwa za ka ga `SELECT` iri ɗaya yana ta zuba ba ƙaƙƙautawa, kuma wanda ya gani sau ɗaya ba ya sake mantawa.

Gyaran farko shi ne ka faɗa tun da wuri cewa kana son basussukan: `select(Kwastoma).options(selectinload(Kwastoma.basussuka))`. Tambaya 401 ta koma 2. Akwai kuma `joinedload`, mai haɗo komai a tambaya ɗaya, wanda ya fi dacewa idan daga bashi kake neman mai shi. Amma a wannan buƙata ta kawu, jimilla kawai ake so, don haka babu dalilin kwaso kowane bashi zuwa Python a tara. Tarawa aikin rumbun ne, ya fi mu iyawa:

```python
from sqlalchemy import func

tambaya = (
    select(Kwastoma.suna, func.sum(Bashi.kobo))
    .join(Kwastoma.basussuka)
    .group_by(Kwastoma.id, Kwastoma.suna)
)
for suna, jimilla in zama.execute(tambaya):
    print(suna, jimilla // 100)
```

Tambaya ɗaya tak. Kuma ku duba da kyau, wanda bai san `JOIN` da `GROUP BY` ba, ba zai iya rubuta wannan ba, ko da kuwa da Python aka rubuta ta. A ayyukan da suka ɗan girma nakan saka `lazy="raise"` a kan alaƙoƙin, ta yadda duk wanda ya taɓa jerin da ba a ɗauko ba manhaja za ta tsaya ta yi ƙorafi maimakon ta je ta karanto a ɓoye. Idan kuma rahoto ya yi sarƙaƙiya har rubuta shi da ORM ya fi SQL ɗin kansa wahalar karantawa, ina rubuta SQL ɗin kai tsaye cikin `text()`, ba na jin na saɓa wa kowa. SQLAlchemy da kansa ya tanadi wannan hanya.

Abu na ƙarshe da mai farawa zai ci karo da shi, tun a makon farko ma, shi ne canza fasalin tebur. Kawu ya ce a ƙara ranar da aka yi alkawarin biya. Ka ƙara layi a ajin `Bashi`, ka sake kunna manhaja, sai ta ce babu ginshiƙi mai wannan suna. Dalili shi ne `create_all` tebur ɗin da babu shi kawai yake ƙirƙira; wanda yake nan ba ya taɓa shi. Lokacin gwaji kana iya goge `kanti.db` ka sake daga farko. Da zarar bashin mutane na gaske ya shiga, wannan hanya ta rufe.

A nan Alembic ke shigowa, wato laburaren da ke kula da sauyin fasalin tebur, shi ma Michael Bayer ne ya rubuta shi. `alembic init` zai shirya maka wurin aiki, ka nuna masa `Tushe.metadata` da adireshin rumbunka. Daga nan duk lokacin da ka canza aji, `alembic revision --autogenerate` zai kwatanta ajin da tebur ɗin ya rubuta fayil ɗin sauyi, `alembic upgrade head` kuma ya aiwatar. Ka karanta wannan fayil kafin ka aiwatar, kowane lokaci. Alembic ba ya gane canjin suna: in ka mayar da `waya` ta koma `lambar_waya`, abin da zai rubuta shi ne a goge tsohon ginshiƙi a ƙirƙiri sabo, lambobin kowa su bi ruwa. Da hannu za ka gyara shi ya zama `alter_column`. A kan SQLite kuma ka kunna `render_as_batch=True` a cikin `env.py`, saboda `ALTER TABLE` ɗinta yana da iyaka, sai Alembic ya gina sabon tebur ya kwashe bayanan ya mayar. A kantin kawu, kafin kowane `upgrade`, nakan rufe manhajar, in kwafi `kanti.db` zuwa filas da kwanan watan ranar a jikin sunansa, sannan in gwada sauyin a kan kwafin kafin in taɓa na ainihi.